Dish ɗin da Mairo Ke Shanya Kuɓewa

Duk wanda ya taɓa ajiye talabijin a gidansa tsakanin Bodinga da Shagari, da wuya a ce bai san Mukhtari Mai Dish ba. In bai riƙe fuskarsa ba, to ya riƙe tafin ƙafarsa, don mafi yawan mutane daga ƙasa suke hango shi, yana tsugune a kan soro, sifana a baki, ido a sama. Mutumin Horo Birni ne, ɗan manoman gero da albasa, amma tun yana saurayi hannunsa ya fi son waya da sukundireba a kan kalmen noma. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, ya ƙyale shi. Ya fara da gyaran rediyo a wata rumfa a Bodinga. Da dish ya shigo ƙasar, sai ya bar kujera ya koma hawan tsani, ya yi shekara goma sha takwas yana hawa.

Kafa dish ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ɗaya yana sama yana juya farantin a hankali, ɗaya yana ɗaki gaban talabijin yana faɗa masa ko hoto ya zo. A gidan mutane kowa aka samu shi ake sawa, kuma Mukhtari ya sha wuya a hannun masu gida, don akwai wanda hoto zai fito ya shagala da kallo, ya bar shi a rana yana ta juyi. A nasa gidan kuwa, inda yake gwada kowace dikoda kafin ya kai wa mai ita, ba shi da wannan matsala. Yana da Mairo.

Allah ya hore wa Mairo murya. In ta tsaya a tsakar gida ta kira akuyarta, har na maƙwabta sai sun ɗago kai. "Ya kawo. Ya ɗauke. Koma dama, Malam. Kaɗan na ce, ba ka ji ba?" Haka za ka ji ta tun daga bakin rijiya. Matan unguwa suka mayar da abin tsokana, ko a gidan biki suka hange ta sai wata ta ce, "Mairo, ya kawo?" Ita kuwa ta ce, "Ya kawo, amma ba a gidanku ba." Mukhtari ba mai yawan magana ba ne, kuma bai taɓa gaya mata ba, amma a duk aikinsa ba abin da yake so kamar wannan kiran.

Ban da murya, Mairo tana da karatu. A zauren ubanta ta yi shi, kuma ita ta fara ɗora autarsu Nana Fatima a kan hadda. Kullum bayan la'asar yarinyar tana zaune tana karantawa da ka, uwar tana riƙe da mushafi, yatsa a kan layi, leɓɓanta suna motsi tare da na ɗiyar. In Nana ta kakare, Mairo ba ta gaya mata kalmar. Sai ta tsayar da yatsa kawai ta jira, har abin ya zo da kansa.

Shekara huɗu da suka wuce, tsani ya zame da Mukhtari a wani gida a Dandin Mahe. Ƙugunsa na hagu ya goce, ya yi wata uku a kwance. Ranar da ya fara takawa da sanda, Mairo ta tare shi a ƙofar ɗaki ta ce sai ya yi mata alkawari ya bar hawan sama har abada. Ya yi mata. A gaskiya ma sana'ar ta riga ta fara barinsa. Samari sun koma kallo a waya, kowa ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa, masu neman a kafa musu dish sai ɗai-ɗai. Tsawa kuma ta ƙone tasu dikodar a wata damina, bai sake sayen wata ba. Ya sa aka sauko da farantin aka jingine shi bayan rumbu, Mairo ta wanke shi ta mayar da shi wurin shanya kuɓewa. Shi kuwa ya koma inda ya fara: ranar kasuwar Shagari yana baje tabarma yana gyaran rediyo da rimot da fitila mai caji, sauran kwanaki yana lambun albasa.

Bayan shekara biyu, hawan jini ya kayar da Mairo tana tsakiyar daka. Ta tashi, amma ɓarin jikinta na dama bai tashi tare da ita ba, harshenta kuma ya yi nauyi. Ba wai maganar ta tafi gaba ɗaya ba ce. Tana iya fitar da kalma, sai dai ta fito a karkace, da jan baki. Wata rana 'yan dubiya suka cika ɗakin, ta yi ƙoƙarin amsa gaisuwa, wata baƙuwa ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Mairo ta gani. Tun daga ranar ta rufe bakinta, ko ita kaɗai da mijinta. Komai sai da ido, da hannun hagu. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ta riƙa gwadawa, harshe da motsi yake sakewa. Ina, ko a jikinta. Mukhtari ya yi lallashi, ya yi fushi, ya sake lallashi, daga baya ya haƙura. Gidan ya yi shiru irin wanda ba ya sabuwa, kuma abin yana cin ransa ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Bayan la'asar Habiba, ƙanwar Mukhtari da ke zuwa kullum tana kula da ita, za ta jingina ta da matashi, ta buɗe mata mushafi a kan cinya, Nana ta zauna ta karanta. Yatsan hagu ya koyi aikin na dama.

A bazarar bana, lokacin da ake ta cirar albasa, aka zaɓi Nana cikin waɗanda za su je musabaƙar karatun Alƙur'ani can wata jiha ta gabas, tafiyar yini guda cur a mota. Da safen da za su tashi ta durƙusa gaban gadon uwarta, jakarta a ƙofa.

"Inna, can alƙalai ka riƙewa," in ji ta. "Ni kau ban saba da kowa ba in ba ke ba. In na san kina riƙe da ni, ba ni kakarewa."

Mairo ba ta dubi ɗiyar ba. Mijinta ta duba. Ya san wannan kallon, shi ne wanda take yi masa a da in hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu.

Malamar da za ta raka su ta ce za a nuna karatun kai tsaye, amma ta intanet kaɗai, babu tashar da dish zai kamo. Ga shi tun ciwon nan idon Mairo ba ya iya bin ƙaramin hoton waya, kuma sabis da ƙyar yake shiga ɗakinta, ginin ƙasa ne mai kauri. Ke nan sai dai a san yadda za a kai abin cikin talabijin, babba, a gabanta, a daidai lokacin da yarinyar take karantawa. In an gama aka kawo mata ta kalla daga baya, wannan ba riƙo ba ne, labari ne.

To, Mukhtari da intanet ba sa ga maciji. Ita ta kashe masa sana'a, kuma bai taɓa ɓoye haushinta ba. Amma washegari ya hau babur ɗinsa ya nufi Bodinga, shagon Zayyanu mai sayar da kayan waya. Zayyanu taubashinsa ne, sa'ansa kuma, saboda haka bai yi tsammanin tausayi ba.

"A'a, sarkin sama da kansa," in ji Zayyanu. "Mi ya kawo ka wurinmu mu mutanen ƙasa?"

"Bar ni da shegantaka. Kallo nika so, ba dish."

"Sake hwaɗi in ji. Bari in kira maƙwabta su shaida."

Sai da ya gama more masa, sannan ya ji dalilin, kuma da ya ji sai dariyar ta ɗauke. Ya jawo kujera ya zaunar da shi. Ya fito da abu biyu. Ɗaya bai wuce ɗan yatsa biyu ba, ana soka shi a bayan talabijin, yana da nasa rimot. Ɗayan ɗan akwati ne kamar sabulun wanka, ana sa masa sim, yana da batir a cikinsa. Shi ne yake kamo sabis ya miƙa wa na bayan talabijin ta iska.

"Ina wayar da ta haɗa su?" in ji Mukhtari.

"Babu."

"Ba waya, ba saiti?"

"Saitin ɗaya na. Ka nemo inda sabis yat taru cikin gidanka, ka aje shi nan. Kada ya wuce taku ashirin daga ɗakin."

Ya koya masa danna rimot sau uku, Mukhtari yana cewa ya gane tun a na farko, alhali bai gane ba. Ya rubuta masa matakan a bayan kwali. Da zai tafi Zayyanu ya biyo shi har bakin babur ya ce ya gaida Mairo da jiki, ba da wasa ba wannan karon.

Ranar ya wuni yana zagaya gidansa da ɗan akwatin a sama kamar mai neman ɓataccen abu. Ƙofar zaure, sandar sabis ɗaya ya nuna. Bayan rumbu, babu. Kusa da turken akuya, biyu, ta koma ɗaya. Habiba tana tankaɗe tana kallonsa ta ce, "Yaya, in mutane sunka leƙo cewa za su yi ka taɓu." Can ya ɗaura shi a kan doguwar gora, ya ɗaga ya jingina a reshen dogon yaron da ke bakin katanga. Sanduna uku suka tsaya cak. Ya shiga ɗaki, ya jona talabijin da batirin sola, ya bi rubutun kwalin nan layi-layi. Sai ga wani babban zaure a gilashi, alƙalai a jere, wata yarinya tana karatu, muryar tas kamar a tsakar gida.

Ya juya ya dubi Mairo. Ta ɗaga masa gira ɗaya. A wurinta wannan yabo ne mai yawa.

Kwana huɗu suna kallo kowace safiya, ko gezau hoton bai yi ba. Mukhtari har ya fara yi wa abin kallon mutunci. Ran na huɗu malamar ta bugo ta ce gobe da hantsi ne layin Nana, ita ce ta bakwai. Ya lissafa ya ga goben ranar kasuwar Shagari ce, ya ce ba komai, kasuwa ta ci ba shi.

Nan ne fa ya yi kuskuren. Shi da yake zaune cikin kasuwar nan kowane mako, yana ganin yadda dillalan albasa ke hawa kan buhuna suna ɗaga waya sama suna tsaki, don jama'a sun yi wa ƙarfen sabis yawa. Ya san wannan sarai. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yadda gidansa yake a ranar, don bai taɓa wuni a gida ranar kasuwa ba. Kuma ƙarfen da ke ba kasuwa, shi ne yake ba su.

Da sassafe komai lafiya. Habiba ta yi wa Mairo wanka, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta jingina ta, ta ɗora mushafi. Ta farko ta karanta, ta biyu ta karanta. Ana cikin ta uku, rana ta ɗan ɗaga, sai hoton ya tsaya, bakin yarinyar a buɗe. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar gilashi yana ta juyawa. Ya saki, ya sake kamawa. Daga nan bai ƙara saki ba.

Mukhtari ya fita ya sauke gorar. Sanduna uku suna nan, amma ba abin da ke wucewa. Ya kira Zayyanu, wayar ta ƙi shiga.

"Ai kullum ranar kasuwa haka waya taka yi nan gidan," in ji Habiba. "Sai bayan la'asar."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni? Ni na ɗauka talabijin hanyatta daban."

Laifin nasa ne, kuma ya sani. Ya tsaya a tsakar gida da ɗan akwatin a hannu, zufa tana bin bayansa. Ta taga yana hango Mairo, idonta a kan zoben nan, yatsanta a kan shafin da ba a fara ba. Tsoro ya kama shi, na gaske. Saura mutum uku ko huɗu, kowace ba ta wuce kwatan awa.

Sai idonsa ya faɗa kan farantin bayan rumbu, cike da yankakkiyar kuɓewa.

Shekarun da ya yi a sama ba su tafi a banza ba. Ya tuna cewa daga kan soron ɗakin Mairo, in gari ya yi garau, ana hango wani ƙarfen sabis can nesa ta wajen Bodinga, siriri kamar tsinke. Wancan ba ruwansa da kasuwar yau. Ɗan akwatin shi kaɗai ba zai jiyo shi ba, ya yi nisa. Amma mene ne aikin dish in ba tattaro abu mai nisa ya zuba shi wuri ɗaya ba?

"Habiba, juye kuɓewag ga kan tabarma. Ki kawo igiyar guga."

Ya yanko robar tsohon tub na taya, ya ɗaure ɗan akwatin a bakin ƙarfen da ke miƙe gaban farantin, daidai inda kan dish yake zama a da. Ya jawo tsani daga zaure, tsanin da ya shekara huɗu ana rataya tabarmi a kai. Da ya kawo shi ƙofar ɗakin sai ya tsaya. Ya riƙe tsanin kawai yana dubanta.

Mairo ta dubi tsanin, ta dubi ƙugunsa. Sannan ta miƙa hannun hagu ta jawo kwanon sha da cokalin da ke gefen gado, ta kife kwanon a kusa da ita. Ta buga sau ɗaya, ta kaɗa yatsa alamar juyi. Ta buga sau biyu, ta dunƙule hannu alamar tsayawa. Ta nuna masa sama da haɓa.

Hawan ya ba shi wuya, ba sai an faɗa ba. Kowane taki sai ƙugun ya yi masa magana. Ya kai, ya jawo farantin da igiya, Habiba tana turowa daga ƙasa tana salati. Babu ƙarfen da zai kafa shi a kai, an cire tun tuni, kuma babu lokacin neman wani. Ya zauna dirshan a kan soron, ya rungume farantin ta baya, ya tokare gindinsa da gwiwa. Dish ɗin da ya saba kallon sama, yau sai da ya sunkuyar da shi ya dubi bakin ƙasa. Ya kashe ɗan akwatin ya kunna, ya fara juyawa.

Ƙwal. Ya ci gaba. Ƙwal. Ya ƙara kaɗan, ya jira, don ya lura wannan abin ba ya amsawa nan take. Ƙwal. Rana ta fara gasa ƙarfen, ya cire hularsa ya naɗe hannu da ita. Ya matsa faɗin ɗan yatsa.

Ƙwal, ƙwal.

Ya daskare. Daga ƙasa murya ta taso ta taga, wata yarinya tana rufe karatunta. Habiba ta leƙo ta ce ta shida ce. Sannan ya ji namiji ya kira sunan, cikakke, har da nasa a ƙarshe, da sunan jiharsu. Ya ji cokalin ya faɗi ƙasa. Hannun ya koma kan mushafi ke nan.

Nana ta fara. Bai ga komai ba sai bayan faranti mai tsatsa da ɓurɓushin kuɓewa a gefensa, amma muryar tana zuwa masa sarai, a natse, irin ta bayan la'asar. Alƙali ya ja mata baki a wuri na farko, ta ɗauka ta kai. Na biyu ma haka. Ƙugun ya tashi daga magana ya koma ihu. Ya cije, ya ce a ransa ko mutuwa zai yi sai an gama.

A ɗaki, alƙali ya ja baki a wuri na uku, Habiba ta buɗe shafin da Mairo ta nuna mata. Mairo ta ƙura wa shafin ido. Ta san shi. Layi shida a ƙasa akwai inda Nana take kakarewa tun tana 'yar shekara goma sha biyu, wuri ne mai kama da wani, harshenta yakan zarce can. Sau nawa yatsan nan ya tsaya a wurin yana jira.

Layi na biyu, na uku. Sai hoton ya tsaya. Zoben ya fito.

"Wayyo, Yaya, ya tsaya," in ji Habiba ta taga. "Ya tsaya, ka yi wani abu."

Mukhtari ya ji karatun ya yanke. Amma cewa "ya tsaya" ba ta nuna masa inda zai juya ba. Ta ina ya goce? Shi a ganinsa bai motsa ba. In ya juya ba daidai ba, ya ɓatar da ƙarfen gaba ɗaya, kuma kafin ya sake samo shi an gama. Ya kasa kunne yana jiran kwano. Cokali yana ƙasa, hannu ɗaya ne, kuma yana kan layi. Ya san ba za ta ɗaga shi ba.

Mairo ba ta ganinsa, amma shekara huɗu tana kallon yadda yake zama. In ya gaji, ƙugun hagu ne yake saki, jikinsa duka ya zube ta can bai sani ba.

"Ma… lam."

Ya ɗauka kunnensa ne. Muryar ta fito a shaƙe, a karkace, amma da ƙarfinta, har akuya ta ɗago kai.

"Da… ma. Koma dama." Ta ja numfashi. "Ka… ɗan."

Ya miƙe bayansa, ya koma dama, kaɗan. Idonsa ya cika har ya daina ganin tsatsar. Ya ƙirga numfashi uku.

"Ya… kawo."

Karatun ya dawo a layi na biyar. Yatsa ya sauka ya same shi. A na shida Nana ta yi shiru. Alƙali ya kai hannu kusa da ƙararrawa. Yatsan Mairo ya tsaya cak a kan kalmar, leɓɓanta suna motsi. Numfashi ɗaya, biyu. Sai yarinyar ta ɗauka daidai, ta wuce.

Sai da aka kira ta takwas sannan Habiba ta tuna akwai mutum a sama. Saukowar ta fi hawan wuya, sai da ta riƙe masa tsanin da duka ƙarfinta tana yi masa faɗa. Ya shiga ɗaki yana ɗingishi, tafin hannunsa ya yi ja. Ya zauna a bakin gado. Shi bai ambaci maganar da ta yi ba, ita ma ba ta nuna ta yi ba. Ta kama hannun ta juya shi ta duba, ta nuna wa Habiba kwalbar man shanu.

Nana ta zo ta huɗu. Wasu sun ce an so a ce ta fi haka, to su suka sani. Da la'asar, bayan kasuwa ta watse sabis ya dawo, ta bugo waya, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Baba, Inna ta riƙe?" Ya ce ta riƙe. Ta ce ta sani, ta ji a jikinta. Ya kara wa Mairo wayar a kunne, yana fata. Ta saurara, ta yi murmushi da rabin baki, amma ba ta ce uffan ba. Washegari ma haka, da jibi. Shirun ya dawo ya zauna inda yake.

Mukhtari ya kwana biyu yana tunani. Ran na uku ya je Bodinga ya sa aka yi masa walda: dogon bututun ƙarfe wanda ya fi soron tsawo, farantin a kansa, da mariƙi a ƙasa daidai ƙirjin mutum, yadda za a juya shi ba sai an hau ba. Ya ja siririyar waya daga batirin sola zuwa sama don caji. Zayyanu ya zo da kansa ya taya shi kafawa a gindin tagar Mairo, suka zuba siminti. Da aka samu saiti, Zayyanu ya ɗauki sifana zai ɗaure notin da ke hana bututun juyawa.

"Bar shi," in ji Mukhtari.

"In ba a ɗaure ba iska na kaɗa shi. Kullum sai ka sake saiti."

"Na sani."

"Kai da ka shekara sha takwas kana ɗaure noti, yau ni za ni koya maka?"

"Na ce ka bar shi."

Zayyanu ya dube shi, ya dubi tagar, ya mayar da sifanar aljihu. Bai ƙara tsokanarsa ba ranar.

Yanzu a gidan ana kallon wa'azi, da labarai, da yadda ake noman albasa a wasu ƙasashe, wanda Habiba ta ce duk ƙarya ce, albasa ba ta yin wannan girman. Kuɓewa ta koma tabarma. Kowace safiya kuwa, bayan an karya kumallo, iska ta kaɗa bututun ko ba ta kaɗa ba, Mukhtari zai fita ya kama mariƙin. Kwanon sha da cokali ya riga ya kawar da su can kan randa, inda hannu ba ya kaiwa. Sai ya juya farantin, da gangan, ya wuce wurin.

"Mairo, ya kawo?"

Ta san da gangan ya ƙi ɗaure notin. Ta san shi sarai. Kwanakin farko sai ta bar shi a tsaye ya yi ta tambaya, tana hararar taga. Amma mutum ne mai ciwon ƙugu, tsaye a rana, kuma ba zai shigo ba sai an amsa masa.

"Ka… wuce," in ji ta. "Koma. Kaɗan na ce, ba ka ji ba?"

Ya ji. Sai ya ƙara wucewa.